Manzon Da Ya Kushe Miya

Awarwaron Dije na fara hangowa, yana ƙyalli a hasken murhu. 'Yar rugar bayan ƙauyenmu ce, a ƙasar Maigatari. Ta kawo wa kakata Iya Hansai nono, magariba ta yi, sai ta zauna jin tatsuniya. Daga ranar muka ƙulla ƙawance.

Akwai wata tatsuniya da Iya take maimaitawa har ta ishe ni. Wai garuruwa biyu ne suke shan rijiya ɗaya. Sarkin ɗaya ya ajiye manzo, yana ciyar da raƙuminsa. Da an ji guna-guni a bakin rijiya, sai manzo ya ɗauki goro da kanwa ya tafi wancan garin, ya ci tuwonsu, ya kushe miyarsu, su ma su rama, a yi dariya, sannan a yi magana. Fadawa suka yi ta ƙorafi, wai da takubba aka saya da ya fi.

"Sai me ya faru, Iya?" na tambaya.

"Sai damina ta sauka, aka yi shuka."

"Ba yaƙi? Ba ɗan sarkin da ya hango budurwa a bakin rijiyar?"

"Ke, uwar son aure! Budurwa ta ɗebi ruwanta ta koma gida da ranta. Me kuma kike nema? Wannan baiwar tawa ma ta fi ki hankali."

"Mu ne dai iyayen gidanku, Iya," in ji Dije. Iya jinin Mangawa ce, akwai wasa tsakaninsu da Fulani.

Na girma ina haɗiyar littattafan soyayya, labarin da babu hawaye a cikinsa ban ɗauke shi labari ba. Sai shekarar da gonaki suka cinye burtalin da shanu suke bi. Dattawan gari da na ruga suka roƙi hukuma ta turo masu zaunar da su kafin girbi. Aka ce mota ba mai. Da aka ƙone bukkoki, aka yi jana'iza nan da can, sai ga motoci jere, har da masu ɗaukar hoto. Man zuwa ta'aziyya dai bai taɓa yankewa ba! Har yau in na tuna, sai na yi tsaki ni kaɗai.

Dije ta tsira da 'ya'yanta da ragowar shanu, ta tsallaka Damagaram. Wata mai kawo tabarmi kasuwar Maigatari ta ce min Dije tana can, tana sayar da fura. Na ba da saƙon gaisuwa. Dije ta amsa, amma ta ce kada in sa ran ganinta: ko 'ya'yanta ba ta bari su taka wannan ɓangaren.