Inda Ninkin Yaya Ya Tsaya

Ranar Talata, sha tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, mai ɗinki a shagon da ke ƙasan benenmu, ta rasu a asibiti bayan jinyar da muka zaci za ta tashi. NaSa muke, kuma wurinSa dukkanmu za mu koma. Ta bar miji da 'ya'ya uku, ta kuma bar ni, ƙanwarta, wadda ba ta da kowa a garin nan sai ita.

Yaya, masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinki, kuma ba su yi ƙari ba. Wata ta ce kin ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, kika ce mata ragowar yadi ne, alhali kowa ya san sabo kika yanko. Mai gadin bene ya ce ba a taɓa sauke tukunya a gidanki an manta da shi ba. Ni kuwa abin da zan faɗa ƙarami ne a idon mutane. Maganar wani littafi ce.

Bayan rasuwar mijina, da kika dawo da ni ɗakin da ke saman naku, ba ni da abin yi sai in je kantin magani in yi aikina, in dawo in rufe ƙofa. Kin yi lallashi, kin yi faɗa, ban motsa ba. Sai wata rana kika hawo da wani littafi mai kauri kamar bulo, wanda wata mai kawo ɗinki ta ba ki kyauta. Kika dire shi a kan gadona kika ce, "Tunda kin ƙi magana da masu rai, zo mu gwada waɗannan." Ƙagaggen labari ne na aljanu da ban tsoro. Wata yarinya mai kunna fitilun titi ta shiga wani gida neman ƙanenta, gidan kuwa kullum ɗakunansa ƙaruwa suke yi, kuma duk wanda ya kwana a ciki sai ya manta da mutum guda daga danginsa.

Na ce miki ba zan iya ba. Kin san ni tun muna yara, ko labule iska ta kaɗa sai na kurma ihu. Ga shi littafin guda ne, mu kuwa mu biyu. Kika ce wannan ba matsala ba ce a wurin mai almakashi. Kika sa reza kika tsaga shi ta baya kashi-kashi, kika ɗinke kowane kashi da zare, kika yi masa bango da ƙyalle. Mijinki ya shigo ya riƙe baki ya ce, "Yanzu littafin ma sai da kika yi masa tiyata?" Kika ce masa ai riga ce ta yi yawa, kika rage ta.

Daga nan muka kama tsari, ke a gaba, ni a baya. Kina gama kashi sai ki miƙo mini. Duk inda abin tsoro ke tafe kuma, sai ki ninke mini kusurwar shafin da ke gabansa. In na ga ninki ɗaya, in yi bismillah in ci gaba. In na ga biyu, in ɗauko littafin in sauko shago, in zauna kusa da ke in karanta, keken ɗinki yana ta ƙara a kunnena.

Ba ƙaramar wahala muka sha ba. Kashin farko babu abin da ke faruwa sai jerin kakanni masu sunayen da harshe ba ya iya juyawa, har muka gaji muka raɗa musu namu: Dogo, Mai Tari, Gwaggon Sama. Marubucin sai ya kai mutum bakin ƙofa ya bar shi nan a tsaye, ya koma can baya ya hau ba da tarihin wanda ya sassaƙa ƙofar. Na jefar da littafin ya fi a ƙirga. Na ce mutumin nan ba shi da tausayi, kuma ba shi da aikin yi. Ke kuwa, da allura a baki, sai ki ce, "Daure, Matsoraciya. Ƙofar nan za ta yi miki amfani." Ta kuwa yi. Ranar da na gane dalilin labarin ƙofar na sauko a guje ba takalmi, muka yi ta musu har kika ɗinke hannun rigar wani bawan Allah a juye. Ranar ce na fara dariya tun bayan takabata. Na ga kin juya baya kina share ido da bakin mayafi.

Ko sau ɗaya ba ki taɓa faɗa mini abin da ke gaba ba. Na yi roƙo, na yi fushi, na ba da cin hancin shayi, duk a banza. Cewa kike yi in kin faɗa mini kin cuce ni.

Kashi na ƙarshe yana hannunki ciwon ya kayar da ke, kika tafi da shi asibiti a jaka. Bayan masu gaisuwa sun ragu, Auta, ƙaramar 'yarki, ta hawo da shi ta ce, "Inna, ga naki, a jakar Mama na gani."

Na daɗe ban buɗe ba. Da na buɗe, na bi ninkinki yadda na saba, ɗaya nan, biyu can. Wurin ninki biyun na sauko shago, na zauna kusa da keken da aka lulluɓe da zane, na karanta ni kaɗai. Sai na kai inda yarinyar ta ɗora hannu za ta buɗe ɗaki na ƙarshe. Na duba kusurwa, ban ga komai ba. Na bubbuɗe sauran shafukan, sumul suke, babu wanda yatsanki ya taɓa. Ashe nan kika tsaya. A wurin na yi kukan da ban iya yi ba ranar da aka fita da ke.

Na yi niyyar in rufe shi ke nan har abada. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, kuma ba tsoron gidan nan kaɗai ba. Tun da aka haife ni kina gabana. Ke kika fara shiga makaranta, ke kika fara aure, ke kika fara zuwa garin nan, duk inda zan taka kin riga kin taka kin gaya mini inda rami yake. Ban san yadda ake shiga wuri babu ke a gaba ba. Amma na san abin da za ki ce in kika ji na tsaya saura ƙiris, kuma ban so in ji shi ko a mafarki.

Na koma ɗakina na karanta da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Akwai wurin da ya cancanci ninki uku, Yaya, kuma babu wanda ya gargaɗe ni. Na ajiye, na zagaya ɗaki, na sha ruwa, na dawo. A haka har na kai ƙarshe.

Ke ba ki taɓa faɗa mini ba, amma ni zan faɗa miki, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Yarinyar ta sami ƙanenta. Ƙanen bai gane ta ba, gidan ya riga ya shafe ta daga ransa. Duk da haka ta kama hannunsa ta fito da shi, yana tambayarta ko ita wace ce, tana ce masa ya dai biyo ta. Kin yi gaskiya, wahalarmu ba ta tafi a banza ba. Na rufe littafin na ɗaga kai in ga fuskarki, na tarar ni kaɗai ce a ɗakin.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki, Babba da ƙanensa da Auta, da duk waɗanda allurarki ta rufa wa asiri. Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Ni kuma, tunda kin sake shiga gaba, Allah Ya ba ni ƙarfin zuciyar abin da ya rage mini, har ranar da zan iske ki.