Gurguzun Da Ke Bisa Murhu

Ba da niyyar noma na zo Abijan ba. Shanu na rako daga arewa tare da fatake, ƙafa ta ba ni matsala, sai na zauna a unguwar Ajame ina jinya har zama ya kama ni. Wani dattijo ɗan ƙasa ya ara mini fili a bayan gari, gefen wani rafi, na aika aka kawo mini maiɗakina, muka yi lambu. Tattasai, gauta, kuɓewa, alayyafo, duk muna sakawa. Amma abin da ya yi mana suna shi ne yakuwa, wadda mu muke ce wa sure.

Ba wai babu yakuwa a garin ba. Akwai ta Julawa, wata ƙabilar 'yan kasuwa, faffaɗan ganye, kyan gani kamar me, amma a bakinmu lami ce. Tamu irin gida ce, ƙaramin ganye, tsaminta har cikin kunne. Kowace shekara masu rako shanu ke zuwa mini da gurguzunta, wato ƙwayar irin, a cikin ɗan buhun fata. Ban taɓa damuwa da adana iri ba, tunda sabo na tafe.

Da safe nakan ɗora kwando a kai, in ratsa Filato, unguwar Turawa, in hau gadar nan da ke shawagi bisa ruwa tana lilo da mutum, in sauka kasuwar Tarashbil. Kafin in sauke kaya mata sun kewaye ni: masu tuwon sayarwa, matan mahauta, tsofaffin da 'ya'yansu suka ɗauko daga gida. Ba su da sauƙi ko kaɗan. Su murza ganye, su shinshina, su kushe, sannan su kwashe shi tas. Masu dafa wa Turawa abinci sun sha roƙona in koma salak da karas. Nakan ce musu ƙasata ba ta karɓa. Ƙarya nake yi, karɓa take, ni ne ba na son in bar mutanena da miyar lami.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi sai hanya ta lalace. Tafiya sai da takarda, ana kama matafiya aikin tilas, fatakenmu suka daina zuwa. A shekarar muka bar yakuwa ta ƙosa, muka sussuke gurguzu mai yawa. Rabi na sayar wa wata tsohuwa mai daddawar batso a Tarashbil, wadda kowa ke kira Inna. Rabin kuwa muka adana shi yadda iyayenmu ke yi: muka gauraya da toka, muka zuba a tulu, muka liƙe baki da laka, muka ajiye a kusurwar ɗaki. Har alfahari muka yi da aikin. A gida irin wannan tulun sai ya shekara ba abin da ya taɓa shi. Ba wanda ya tuna cewa nan gari ne da ko takalmi ka ajiye sai ya yi fumfuna.

Da lokacin shuka ya yi na fasa bakin tulun. Wari ne ya fara tarbata. Gurguzun ya dunƙule, ya yi kore, toka ta zama taɓo. Maiɗakina ta sa hannu har ƙasan tulun tana laluben ko da ƙwaya ɗaya mai rai, ta fito da hannu baƙi ƙirin.

Ta ce, "Malam, tahi wurin Inna. Wataƙila ba ta dahwa nata duka ba."

Ban ko sa hula ba. Ranar gadar ta yi mini tsawo. Na iske Inna a tsakar gida tana dama wani abu a ƙwarya, ƙamshin batso ya cika ko'ina, na kuwa san abin da ƙamshin ke nufi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ya faru.

Ta ce, "Ɗan nan, ka makara. Na ƙarshen ne wanga da kake ji."

Na zauna a ƙasa. Gaskiya kuka ne ya taso mini, na danne shi don kunya. Ita kuwa ko a jikinta, ta ci gaba da damunta, sai da ta gama ta wanke hannu, sannan ta ce, "Tulu kunka liƙe? A garin ga? Ku da kuke manoma?" Ta yi mini dariya son ranta. Daga nan ta shiga madafa, ta miƙa hannu cikin rufin da hayaƙi ya baƙanta, ta zaro wani ƙullin tsumma. Ta kwance, sai ga gurguzu cikin tafin hannu, busasshe ƙayau.

Na ce, "Inna, ke da ba ki da gona, mi za ki yi da iri?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin yin alwala. Ta ce, "Wace ɗiyar ƙauye ce ka dahwa ƙwaya duka? Ko da gona ko babu, sai an cire na iri."

Inna ba ta iya riƙe magana, kuma na gode Allah da hakan. Washegari a kasuwa mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kwance bakin zane ta ajiye mini ƙullinta mai warin hayaƙi. Wasu nawa ne, wurin Inna suka samo, wasu tun daga garuruwansu suka zo da shi, yana bisa murhu a ɗakin haya, ba su da ko taƙin ƙasa. Na yi maganar biya, wata matar mahauci ta ce in na sake faɗa za ta ɗauke nata.

Muka shuka kowane ƙulli a kunyarsa, ba mu gauraya ba. Wasu sun tsufa, ba su fito ba. Amma da yawa sun tsiro, sai ga lambu iri-iri: mai jan kara, mai fari, mai yatsu, har da wadda ban taɓa gani ba. Ban taɓa jin girman kai da aikin hannuna kamar shekarar nan ba, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka.

Da ganye ya kai tsinka, matan suka ƙi jira a kasuwa. Suka haɗa kai suka tako har Ajame, Inna na gaba da sandarta, tana mitar nisa. Suka bazu cikin kunyoyi, kowace na neman tata. Akwai wata tsohuwa marar magana, wadda ta bar garinsu tun tana amarya, ba ta sake komawa ba. Ta tsaya kan kunyar mai jan kara, ta tsinki ganye ɗaya ta tauna. Tsamin ya sa ta runtse ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ta ce, "Ta bayan ɗakin innata ce." Sannan ta juyo gare ni. "Wagga kunya kada ka tsinke ta duka, ɗan nan. Bar ta ta yi ɗiya."