Shekarar da Ikilisiya Ta Koma Falonmu

A shekarun nan da gwamnati ta ɗaure bakin aljihu, abubuwa suka yi ta rufuwa a unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Aka rage ranakun ɗakin karatu, aka rufe gidan wasan matasa, daga baya kuma abin ya iso kan ɗakin taron da muke haya kowace Lahadi da yamma don sujadar Hausa. Mutumin da ke riƙe da makullin ne ya faɗa mana, yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ya ce council, wato hukumar birnin, ba ta da halin ci gaba da kula da ginin, shi ma aikinsa zai ƙare a ƙarshen wata.

Ba mu da yawa. Iyalai ne daga Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, wasu nas-nas, wasu masu gadi, wasu kuma irina masu aiki a gidan kula da tsofaffi. Da safe kowa kan je cocin unguwarsa ya yi sujada da Turanci, da yamma mu haɗu mu yi waƙa da harshen da aka yi mana baftisma da shi. Ranar da muka ji labarin, muna tsaye cirko-cirko a bakin ƙofa, mijina ya ce wa jama'a, "To, ku zo gidanmu kafin Allah ya buɗe wata ƙofa." Bai ko tambaye ni ba.

Gidanmu a unguwar Levenshulme ta birnin Manchester yake, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna a bayan Stockport Road. Falon, in mutum uku suka miƙe ƙafa ya cika. Muka tura teburin cin abinci kicin, muka aro kujeru, yara suka jeru a matakalar bene. Lahadin farko kunya ta ishe ni. Ga tufafin da na shanya a jikin hitar ɗumama ɗaki ban kwashe ba, ga ƙaurin manja, ga gumin numfashinmu yana gangarowa a gilashin taga. Na ce wa wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni, "Kaka, ki yi haƙuri, yau dai ba coci muka zo ba."

Wannan tsohuwa mahaifiyar wata nas ce a cikinmu, ta zo daga gida don yi wa 'yarta wankan jego. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, dukanmu kuma Kaka muke ce mata. Ta dube ni ta yi dariya har ta nuna wawulonta.

"Ke 'yata, kina tsammani da gini aka fara?"

Sai ta ba mu labarin ƙauyensu, can bayan duwatsu. Ta ce ba Bature ne ya kai musu bishara ba. Wani kuturu ne ɗan garin, da ya yi jinya a asibitin mishan, ya dawo da guntayen yatsu da labari a bakinsa. Ba mai yarda ya zauna kusa da shi, sai mahaifinta ya ba shi inuwar rumbu. A nan aka fara, mutum kaɗan a kan duwatsun murhu, awaki na ratsawa ta tsakiyarsu. Mahaifin nata kuwa, in ji ta, mutum ne da in ya sha burkutu har karnuka ke ɓuya. Bayan damina biyu a inuwar rumbun nan, sai da 'yan'uwansa suka je wurin boka su tambaya ko an musanya musu shi ne.

"Haka kuma aka fara a Urushalima," ta ce. "Ɗakin wani ne aka ara. Wa ya sani, wataƙila ita ma matar gidan tana can tana jin kunyar shanyarta."

Daga wannan rana mijina ya ce mu riƙa bin labarin masu bi na farko mako-mako. Tun ina yarinya nake jin labarin, amma a raina mutanen hoto ne, masu dogayen riguna da haske a kewayen kai. A falon nan ne na fara ganinsu da ƙafafu. Mutane ne da aka kashe musu shugaba a bainar jama'a, suka kulle ƙofa don tsoro. Babbansu masunci ne da ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baiwa. Ba su da gini, ba su da gata a wurin hukuma, da yawansu baƙi ne a birnin. Amma daga wannan ɗakin abin ya fito, ya bi gida-gida da gutsuttsura gurasa, ya haye teku, ya ƙetare ƙarnuka, ya iso inuwar rumbun mahaifin Kaka, ga shi kuma ya biyo mu cikin jirgin sama har Manchester. Wani lokaci ana cikin karatu sai in ji gabana ya faɗi, kamar wadda ta leƙa rijiya ta ga ba ta da ƙarshe. Ba tare da an yi shawara ba kuma muka fara kwaikwayonsu. Duk wanda aka rage wa ranakun aiki sai ya tarar da buhun shinkafa a ƙofarsa, ba wanda zai ce shi ya ajiye.

Akwai mutum ɗaya da ba ya shigowa falon. Direban bas ne a hanyar Oxford Road, dogo mai kaurin wuya, ɗan Filato. Matarsa ƙawata ce, tare muke aiki. Yakan kawo ta da yara a mota, ya zauna a matakalar ƙarshe kusa da ƙofa, jaket a jiki, kamar mai jiran a sallame shi. In ka gaishe shi da Hausa sai ya amsa da Turanci. Ba don bai iya ba, a cikinta ya girma, da ita ma ya nemi auren matarsa, don yarensu ba ɗaya ba ne.

Matar ce ta ba ni labari wata rana muna canza zanen gadon wata tsohuwa. A ɗaya daga cikin rikice-rikicen garinsu, irin waɗanda suka ci rayuka ta kowane ɓangare, aka kashe ƙanensa a hanyar dawowa daga kasuwa. Wanda ya tsira ya ce da Hausa aka tsayar da su, da Hausa aka tambaye su sunayensu. Tun ranar da labarin ya same shi ta waya ya rantse harshen nan ba zai ƙara fita daga bakinsa ba, ya kuma hana a ambaci ƙanen a gidan. Ɗalibai 'yan Kano da Katsina kan shiga bas ɗinsa suna hira, shi kuwa ya dawo gida yana huci, ya kasa cin abinci.

"Tun yaushe ke nan?" na tambaye ta.

"Babbar 'yarmu tana goye lokacin. Ga shi yanzu ta kusa shiga sakandare."

Kaka dai ba ta fasa gaishe shi ba, tunda ba ta da wani harshen. "Sannu ɗana, ya gajiyar aiki?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya amsa da Turancinsa. Sai ta ajiye masa waina biyu a faranti kusa da ƙafarsa ta wuce.

Da Fentikos ta gabato, ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki, 'yan'uwanmu na Birmingham suka gayyace mu. Muka yi hayar ƙaramar bas, shi kuwa ya zama dole ya tuƙa, don shi kaɗai ke da lasin irin wannan mota. Muka bi Stratford Road cikin yayyafi, tsakanin shagunan kayan amare masu walƙiya da kwalayen mangwaro da ƙamshin gasasshen nama, har muka iso wani tsohon coci na dutse a gefen Sparkhill. An gina shi don ɗaruruwan mutane, amma asalin masu shi sun ragu zuwa 'yan tsofaffin Turawa, don haka suke karɓa-karɓa da wasu ikilisiyoyi. A tsakiyar hanyar shiga akwai bokiti da aka tara wa yoyon rufi.

Ranar kowa ya zo lokaci ɗaya. Ga mutanen Eritiriya lulluɓe da fararen mayafai, ga Kiristocin Pakistan da ƙananan gangunansu, ga wasu 'yan Iran can baya da suka roƙa kada a ɗauke su hoto, ga tsofaffin matan Jamaika da manyan huluna, ga mu da tulun kiɗanmu. Mai jagorar sujadar wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura. Ta tuna mana yadda a ranar farko baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suka ji manzanni, kowa da harshen uwarsa. Sannan ta ce mu yi addu'ar Ubangiji tare, da ƙarfi, kowa da harshen da ya fara koyonta da shi.

Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba. Ta fara kamar yayyafi a kan rufin kwano, ta yi ta kauri har ginin ya ɗauka. Ba kalmar da ta yi daidai da ta kusa da ita, amma numfashin ɗaya ne, inda za a tsaya tare ake tsayawa. Tsigar jikina ta tashi. Na daina tawa addu'ar na tsaya ina saurare.

A nan na ji wata murya a bayana, a dushe, tana fitowa da ƙyar. Hausa ce. Na waiga. Direban ne. Sanyi ya koro shi daga mota, ya shigo ya tsaya a bayan bencinmu. Idonsa a rufe, hannayensa sun damƙe katakon benci. Ya yi ta tafiya har ya iso wurin da mai addu'a ke ɗaure gafarar da yake nema da wadda shi zai yi wa waɗanda suka cuce shi. A nan ya maƙale. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake maƙalewa. Jama'a har sun kai amin, coci ya yi tsit, shi yana nan yana kokawa da layi ɗaya. Kaka ta juya a hankali, ta kama wuyan hannunsa, ta riƙa faɗa yana bin ta kamar ɗan ajin Lahadi, har suka kai ƙarshe.

Sai ya zube a gwiwa a kan dutsen nan mai sanyi, ya fashe da kuka irin na babban mutum, wanda ba daɗin ji. Matarsa ta toshe baki da gyale. Wani dattijo ɗan Eritiriya, wanda bai san ko kalma ɗaya ta abin da ke faruwa ba, ya tako ya cire mayafinsa ya yafa masa a kafaɗa, ya tsaya a kansa. Ni ban ga harshen wuta ba, ban ji iska ba, irin waɗanda aka ce sun sauko wa manzanni a ranar farko. Amma na tabbata a raina abin da ya sauka a ɗakin Urushalima bai koma ba.

Bai iya tuƙi nan da nan ba. Aka kawo masa shayi a mota, mijina ya zauna kusa da shi. Can direban ya ce, da Hausa, "Ɗan'uwa, Turanci na buɗe baki zan yi, bai zo ba. A benci ɗaya muka koyi addu'ar nan, ni da marigayin."

Ba zan ce washegari ya zama wani mutum ba. Ya yi makonni kamar mai tashi daga zazzaɓi, magana kaɗan, barci da yawa. Wata Lahadi dai ya cire jaket ya shigo falon. Wata rana kuma matarsa ta zo aiki tana ta murmushi, ta ce wani ɗalibi ɗan Kano ya shiga bas ɗinsa a ruɗe, yana waya da Hausa yana cewa matarsa na asibiti, haihuwa ta zo kafin lokaci, ba su da kowa a ƙasar. Da saurayin zai sauka, direban ya ce masa, "Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Ba ni lambarka." Ta ce ɗalibin ya yi sororo har sai da na bayansa suka yi magana.

Da aka sallamo mai jegon, direban ne ya riƙa ɗaukar Kaka a motarsa bayan ya tashi aiki, ya kai ta gidan ɗalibin da kwanon kunun kanwa. Kaka ta gasa wa yarinyar jiki kamar 'yar cikinta, ta koya mata riƙon ɗan bakwaini. Ranar suna suka gayyace mu, muka je mu biyar. Direban ya zauna a ƙasa cikin ɗalibai, hannunsa da nasu a tire ɗaya. Da lokacin sallarsu ya yi, ɗakin ya yi musu kaɗan, sai ya tashi ya taya su fitar da kujera zuwa baranda, ya tsaya a can riƙe da jaririn har suka idar.

A hanyar komawa gida muna cikin motarsa, har mun wuce wajen asibitoci. Sai muka ji ya yi 'yar dariya shi kaɗai.

"Lafiya, Baban yara?" matarsa ta tambaya.

"Kunnen yaron nan," ya ce. "Irin na ƙanena ne sak. Kin san har ya girma in ya yi ƙarya sai kunnuwansa su motsa?"

Ya shiga ba mu labarin ranar da ƙanen ya saci rake a gonar fasto, ya zo yana rantsuwa kunnuwa na rawa. Kaka ta yi dariya har da tari. Muka iso ƙofar gidanmu labarin bai ƙare ba, sai ya kashe mota, muka zauna a ciki ya ƙarasa.