Ranar da Aka Tausaya Min a Wasan Ludo

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka tausaya min a wasan ludo. Kada ku yi dariya. Ni ma da a bakin wata na ji, cewa zan yi ba ta da aikin yi.

Shekara goma sha ɗaya muka yi shago jikin shago da wata 'yar ƙabilar Ibo a kasuwar Jimeta. Ni atamfa, ita kwanuka da tukwane. Madam kowa yake ce mata. In ciniki ya lafa bayan la'asar sai ta jawo allon ludo ta ɗora a benci. Matar nan ba ta da imani a wasa. Ko ɗan ludonki yana bakin shiga gida, in ta samu dama sai ta cinye shi, ta tafa hannu ta ce, "Koma gida, Hajiya! Kai bai iya ba!" Hausarta ke nan, kowa namiji ne a wurinta.

Da bam ya tashi a garin, mijinta ya ce su tattara su koma ƙasarsu. Ta zo yi min sallama, ni kuwa tsoro da haushi sun cika min ciki. Na ce, "Ku tafi mana. Daman neman kuɗi ya kawo ku, ku kuna da wurin gudu." Ta dube ni, ta ajiye allon a kan benci, ta juya. Ko tasha ban raka ta ba. Bakina ke nan, ya sha jawo min, amma bai taɓa yi min ɓarna irin ta ranar ba.

Shekaru suka wuce. Maigidana ya rasu, yara kowa ya kama gabansa, ciwon ƙafa ya raba ni da kasuwa. Na zauna ni kaɗai a gidanmu na Demsawo, wani lokaci in wuni ban ji muryata ba. Rannan sai ga saƙo daga lambarta, gayyatar ludo ta waya. Ba gaisuwa, ba komai. Na sa aka saka min wasan, muka fara.

Kullum ina idar da la'asar zan tarar tana jira. Ba mu taɓa rubuta wa juna kalma ba. In ta ci ɗana sai ta turo fuskar dariya, ni kuma in zage ta da ƙarfi a tsakar gida, ba mai ji. Shekara uku muna haka. Wallahi kullum sai na ce yau zan roƙe ta gafara. Sau biyu na rubuta "ki yafe min" na goge. Sai in ce wa kaina, ai tunda tana wasa da ni ta huce.

Ranar da nake ba ku labari, ɗana yana gaban nata da taku uku. Ta jefa, uku ya fito. Har na fara tsaki, sai na ga ta tura wani ɗan daban. Na ce ko yatsa ne ya zame. Can kuma ta sake samu, ta sake kauce min. Na ci wasan. Madam ta bar ɗa a hanya? Ina!

Nan take na danna kira, karo na farko tun tafiyarsu. Wata yarinya ta ɗauka, da Hausarta tas. 'Yarta ce, wadda aka haifa a nan Jimeta.

"Mama, ina wuni?"

"Lafiya. Ba ni Madam."

Ta ce, "Mama, yau sati uku da binne ta."

Na yi salati. "To da wa nake wasa?"

"Da ni. A asibiti ta ce kada in bar ki ke kaɗai da la'asar, ta ji labarin ba kowa a gidanki. Ta ce in riƙa cin 'ya'yanki ba tausayi, don kada ki gane. Yau ne na kasa." Ta ja hanci. "Kullum in wayarta ta yi ƙara sai ta ce in duba ko ke ce kika kira."

Na ce, "Ki yafe min, 'yata. Don Allah ku yafe min."

"Me kika yi, Mama?"

Ashe ko 'yarta ba ta faɗa wa ba. Na zauna a kan sallaya na yi kuka har aka kira magariba, ba mai ce min yi haƙuri.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. In kin san kin ɓata wa mutum, buɗe baki ki faɗa tun yana iya amsawa. Ni lambarta tana hannuna shekara uku, na tsaya jefa ludo.