Ranar da Kawu Ya Ce Babu Sauƙi

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, lokacin da mu 'yan adaidaita sahu muka koma kashe inji a kowace gangara, ita ce shekarar da aka kawo Kawu Kano. Yayan mahaifiyata ne, manomi. Farkon damina aka zo da shi daga ƙauye, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya Alhaji, yana da gidan bene a Daurawa, amma aka duba aka ga gidan hayata na Gyadi-Gyadi ya fi kusa da asibiti. Ni ma na ga kusancin. Na kuma ga cewa kujerun falon Yaya sababbi ne. Na share ɗakin waje, matata ta shimfiɗa katifa.

Ni nake kai shi asibiti in dawo da shi. Bayan an gama gwaje-gwaje, likita ya kira Yaya gefe ya gaya masa hanta ce, kuma ta wuce gyara, sai dai a rage wa tsoho zafi. Yaya ya ja ni bayan adaidaitata.

"Kada wanda ya gaya wa Baba. Ka ja wa iyalinka kunne."

"To Yaya, in ya tambaya fa?"

"Ka ce sakamako bai fito ba."

Kawu bai taɓa tambaya ba. Shi yake kwana da cikin, ba ya bukatar takarda.

Sai 'yan dubiya suka ɓarke. Duk ɗan ƙauyenmu da ke tuƙi ko gadi ko leburanci daga Unguwar Gano har Babban Giji ya zo da ledar lemo da ayaba. Dubiya kuwa kowa ya san yadda ake yin ta. Ka durƙusa ka ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Shi kuma, ko numfashi yake ja da ƙyar, ya ce, "Da sauƙi." Kai kuma ka ce, "Ai ka fi jiya." Na ji wannan magana daga bakin mutumin da rabonsa da Kawu tun bikin sunan ɗan farina. Kawu ya biya wannan haraji makonni, bai fasa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ɗakin ya cika. Yaya ya zo da wani abokinsa ɗan kasuwa, yana ta ƙamshin turare. Mutumin ya tattara babbar riga ya durƙusa.

"Baba, ya jiki?"

"Babu sauƙi."

Wani da ya fara ɓare lemo ya tsaya da wuƙa a hannu.

Kawu ya ce, "Tafiya zan yi. Ina so a mai da ni gida tun ina gane hanya."

"Subhanallahi! Haba Baba!" Wani har da a'uzubillahi, kamar tsohon ashar ya yi. Mai turare ya ce, "Kai da za ka ga auren tattaɓa kunne?"

Kawu ya ce masa, "Da waɗanne idanun, Alhaji?"

Yaya ya juya wajen baƙi yana murmushi. "Maganin ne. Yana sa shi surutai."

Wannan Yayan shi ne duk safiyar Juma'a yake turo mana wa'azin mutuwa a waya. Lokacin ban fara zuwa ajin manya na koyon karatu ba, don haka murya kawai nake saurare, malami yana kuka yana kwatanta daren farko a kabari. Muna son irin wannan mutuwar, ta ɗan Adam gaba ɗaya. Wadda ta shigo ɗaki ta zauna a kan katifarmu ce ba ma son a ambata.

Daga ranar 'yan dubiya suka daina tambaya. Daga bakin ƙofa za a ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara afuwa," a ajiye leda, a nemi takalmi. Kawu ya ce da matata, "Kin gani, 'yata? Na samo maganin taro."

A adaidaita ya yi mini bayani, muna tsaye a cunkoso, ruwa yana yayyafi. Ya daddaɓa kafaɗata daga baya.

"Ɗana, kashe injin nan ka ji ni. Ka san mu. Inda ka faɗi nan ake tona maka, kafin rana ta faɗi an gama. Ba mai ɗaukar gawata zuwa ƙauye. In ba a kai ni da raina ba, ba za a kai ni ba."

Ya ce akwai fili kusa da kabarin Inna, matarsa, ya daɗe yana cire masa ciyawa. Ya ce kuma ƙaninsa, wanda suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda wata tsamiya ta kan iyakar gona, yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ba zai iya zuwa Kano ba. "Ina so in zauna a gabansa in ce ya yafe mini. Wannan ba saƙon waya ba ne."

Da yamma na sami Yaya a ƙofar gidana na gaya masa, kaina a ƙasa.

"Kai ma ka shiga? Me mutane za su ce? Alhaji ya gaji da ubansa, ya jefar da shi ƙauye ya mutu?"

Maƙwabciyarmu nas ce, ita ke leƙo Kawu in ta taso aiki. Tana shigowa ta ji mu, ta tsaya. "Alhaji, a ba shi abin da yake so. Ƙwayar nan a ƙauye ma ana haɗiyarta, zan nuna yadda za a ba shi."

"Sista, ke kika san ranar mutuwar mutum?"

"A'a, Alhaji. Shi ma Baban bai sa rana ba. Gida ya ce."

Yaya ya kaɗa makullin mota ya tafi. Ɗan 'yar'uwa ba ya yanke magana inda ɗan ciki yake, kuma adaidaitata ba za ta kai tsoho mai irin wannan ciki wannan nisa ba. Abin da nake da shi haƙuri ne. Duk zuwan Yaya sai na maimaita, duk maimaitawa sai ya zo da sabon abu: jarkar rubutu, galan ɗin sassaƙe daga masu talla da lasifika, wani hoton ciki a wani wuri. Kawu bai ƙi ko ɗaya ba. Yakan ce, "Kawo, kada a ce ni na ƙi warkewa."

Sai da gero ya fara fitar da kai, Kawu ya daina cin tuwo, sannan Yaya ya zauna a bakin katifa ya sassauta murya.

"Baba, in ka ɗan ji ƙarfi za mu je gida ka huta."

Kawu ya ce, "Ƙarfin da kake jira, Alhaji, da shi na zo Kano. A layin hoto kuka ƙarar da shi."

Yaya ya share fuska da hula, ya ce to Asabar, motar tana wajen bakanike. Kawu ya sa matata ta ƙulle masa kayansa a ɗankwali, ya ajiye a gefen matashi. Ranar Alhamis da hantsi, tana ba shi kunu a cokali, ya cika.

Likkafanin da ya wanke da zamzam tun shekarar da Yaya ya biya masa Makka yana cikin adaka a ƙauye. Aka aika kasuwa aka yanko wani. Kafin la'asar mun rufe shi a maƙabartar Tarauni, tsakanin mutum biyu da bai taɓa ji ko sunansu ba.

A zaman makoki na zauna kusa da Yaya, ina jin abin da yake gaya wa duk wanda ya miƙo hannu. "Ai Baba ya san zai tafi. Ya yi ta faɗa, a gaban jama'a. Bawan Allah ne, an nuna masa." Mutane suna ta kabbara. Mai turare ya ce shi shaida ne, da kunnensa ya ji, tsigar jikinsa har ta tashi. Na miƙa musu buta.

Abin da aka rasa ana iya ƙirga shi. Tafiyar wuni guda a mota. Kabari ɗaya kusa da na Inna. Gaisuwa ɗaya tsakanin wa da ƙani, kuma ƙanin bai kai wata damina ba. Likkafani ɗaya, da har yau ba wanda ya yarda ya buɗe adakar ya ɗauka.