Tsakuwar Mushe Idi

Duk wanda ya taɓa zama tabarma ɗaya da Mushe Idi ya san ƙarar nan: ƙwas! Da mutum ya yi tari, tsakuwa ta bar aljihun dama ta koma na hagu. Kasuwa, wurin suna, zaman makoki, rigarsa kullum a karkace kamar jakin da aka yi wa mugun lodi. Wata rana liman ya ga ya kwashe tsakuwa cike da hannu bayan sallama.

"Mushe, har cikin sallar ma?"

"A'a, Allah shi gafarta Malam. Cikin salla ga kai nike riƙewa, sai an sallame in zuba."

Kun san ba likita ba ne. Tattalin arziki ya karanta, har ya koyar a Yamai, shi ya sa muke ce masa Mushe, wato malamin boko, sannan ya dawo Tawa da kayen rubutu da ma'auni mai ƙugiya. Wai zai auna abin da hayaƙin girki ke ci wa gida: itace nawa ake ƙonawa, tari nawa ke biyo baya, kwana nawa mace ke yi a kwance. In ya kawo hujja, masu tallafi za su gina wa ƙauyuka murhun laka mai cin rabin itace.

Lokacin ne jam'iyyu suka fito kamar fara. Wani ɗan takara ya yi mitin, awa biyu yana alkawarin kwalta da famfo. Da ya sauko ya hango shi.

"Mushe, ƙaƙa ka ji jawabi?"

"Tari saba'in da huɗu, ranka shi daɗe. Sha ɗaya naka ne. Ka rage taba."

To, yanzu sai nawa laifin. Ni Sahabi, tare aka yi mana kaciya da shi, tare aka kai mu lakwal. Shi ya wuce, ni na tsaya a aji shida. Sana'ata sayar da itace a amalanken jaki. Ya ce in raka shi ƙauyen Takanamat, tunda matan can sun san ni. Na ce to. Amma a raina na ce, rabin itace? Ashe rabin tuwona abokina yake nema!

Sai na riga shi zuwa da kwana biyu. Na bi gida gida ina rada: ga wani nan tafe da ma'auni, ɗan gandun daji ne, duk wadda aka kama da itace za a ci ta tara.

Ranar da muka isa, ko tsinke babu a garin. Ga hayaƙi na tashi, ga tuwo na tafasa, ga wata tsohuwa ta zauna daram a kan abin da ta lulluɓe da zane.

"Inna, icce nawa kuke ƙonawa a wuni?"

"Icce? Mu nan ba mu san shi ba, ɗana."

"To da mi kuke dahwa tuwo?"

"Da ikon Allah."

Ya rubuta! Wallahi ya rubuta, bai ko yi murmushi ba. Gida talatin, amsa ɗaya. Masu tallafi suka ga takarda ta ce Takanamat ba a ƙona itace, suka kai murhunsu wata jiha. Ni kuwa har sadaka na yi don murna.

Bayan nan ya zo gidana cin tuwo. Matata Habsu na madafa tun la'asar. Da aka yi kiran magariba ya ce in buɗe hannu, ya juye mini tsakuwa har tana zuba ƙasa.

"Na Habsu ne. Sittin da ukku."

"Sanyi ne, Idi."

"Sanyi? Ana wanga zahi da ƙadangare ke neman inuwa?"

Washegari ya dawo da laka, ya tuɓe riga, ya gina mata murhu da hannunsa. Yana fita na hana ta taɓa shi. Mai itace, a ga wannan abu a gidansa? Kaza ta samu wurin ƙwai.

Da damina ta faɗi, Habsu ta kwanta. Kwana sha biyu a asibiti, numfashi kamar ana jan zarto. Idi ne ke zuwa kowace safiya da kunu. Rana ta biyar na kasa daurewa, na ja shi gindin itacen bedi na faɗa masa komai, ina kuka kamar ba mai gemu ba.

"Na sani," ya ce. "Tsohuwar nan ta biyo ni bayan gida, ta ce in zan ci tara in hwara da mai jaki, shi ad da icce da yawa."

"To don mi ba ka yi magana ba?"

"Na yi. Tun kahin mu tahi na rubuta: mai saida icce zai yi ƙarya. Sahabi, cikin bincikena duka, kai kaɗai ne ka hito daidai yadda na yi tsammani."

Habsu ta tashi. Da kaina na kori kazar. Yau unguwarmu murhu tara ne irin nasa, duk ni na kwaɓa lakar, kuma cinikina ya ragu kamar yadda ya ce. Matan Takanamat kuwa, waɗanda na hana, har yanzu ina zuwa ina gina musu ɗaya ɗaya. Ban kai rabi ba.

Yanzu Idi ya riga mu gidan gaskiya. Ranar jana'izarsa wani ya yi tari a sahu, sai na ji hannuna cikin aljihu yana laluben abin da babu.

Allah ka gafarta wa Idi, ka yafe mini abin da na yi masa. Ka sanyaya kabarinsa, ka saukar da shi inda babu hayaƙi, inda zai wuni a zaune bai taɓa tsakuwa ko ɗaya ba. Amin.