Rishon Sharhabilu da Ludayin Babanmu

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi har ya yi wayo, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake ba da labarinsa. Sunansa Sharhabilu, malamin dabbobi ne a nan Talata Mafara. In ka bi ta wajen kara ranar kasuwa za ka gan shi zaune a barandar ofis, jaka tsakanin ƙafafu, ya sunkuya kan wani ɗan risho yana dafa shayin da shi kaɗai zai sha. Ka dube shi da kyau, shi da rishon nan ne suka zubar mana da mutuncin shekara talatin a wuni guda.

Babanmu, Malam Labaran, Allah ya jiƙansa, shi ma aikin da ya yi ke nan, allurar rigakafin shanu. Bai yi boko mai zurfi ba. Keke gare shi da jakar buhu, kuma ban taɓa ganin ya fita da ko ƙullin gari ba. Yakan ce wanda ya shiga ruga da guzuri ya zagi masu ruga tun bai yi sallama ba. Bafulatani ba ya barin kowa ya kusanci saniyarsa da allura, balle a wancan lokaci da ake ta raɗe-raɗin allurar gwamnati na ƙafar da nono. Baba bai shawo kansu da wa'azi ba. Zama ya yi ta yi a kan tabarmarsu yana shan furarsu, shekara da shekaru, har suka daina ganinsa baƙo.

Babban amininsa shi ne Baffa Jibo, wani dattijo mai ruga can bayan dam, ta wajen Maradun. Ruga goma sha ɗaya ke jin maganarsa: in ya ce a kawo shanu an kawo, in ya yi shiru ko ɗan maraƙi ba za ka gani ba. Matarsa, Goggo Taibatu, ta ware wa Baba ludayi nasa na kansa, da ɗan zanen wuta a mariƙinsa, tana rataye shi cikin jeren ƙorenta. Ba mai shan fura da shi sai Baba. Ranar da suka zo mana ta'aziyya, Baffa Jibo ya dafa kan Sharhabilu ya ce, "Ludayin babanka shina nan rataye. Ran da ka gama karatu ka taho ka ɗauka."

Ya kuwa gama karatun, ya dawo mana da takarda da tabarau da kalma guda da ba ta barin bakinsa: ƙwayoyin cuta. Ruwan randa ƙwayoyin cuta, tsiren bakin tasha ƙwayoyin cuta, hannun mutane ma in ya gaisa sai ya faki ido ya goge a wando. Matarsa Lailatu, baiwar Allah, har tafasa masa cokali take yi. Ni dai na ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma da yake an ba shi gurbin Baba a ofis, sai na sa masa albarka.

Ana saura kwana biyu ya fita zagayensa na farko, ya shigo gidana da la'asar, baki har kunne. Wai ya je Gusau ya tsinto wani abu wajen 'yan gwanjo. Ya zuge jakar goyonsa ya fito da wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, ya buɗe masa ƙafafu uku, ya jona masa siririn tiyo zuwa wata jar kwalbar ƙarfe mai famfo a kai.

"Yaya Raliya, kin ga wannan? Risho ne na masu yawon duwatsu a ƙasashen waje. Yana cin fetur, yana cin kananzir, har man dizal in an matsa. Ɗan hancin da wuta ke fita kawai za ki sauya masa. Bai kai nauyin mudun gero ba, kuma kafin ki gama alwala ruwa ya tafasa."

Na ce, "To, sai mi?"

Ya shiga buga famfo yana ƙirgawa, ya murɗa wani ɗan makunni, fetur ya ɗigo, ya kyasta ashana. Wai sai an fara ɗumama shi. Wuta ta tashi ja wur, ta lashi zanan banɗakina, na zabura da buta ina salati. Shi ko gezau, wai haka yake yi. Can wutar ta kwanta ta koma shuɗiya, abin ya kama gurnani, akuyata ta tsinke igiya ta yi waje. Ba zan yi masa ƙarya ba, ruwan ya tafasa da wuri. Sai ya jera mini sauran kayan: 'yar tukunya, cokali, indomi, kifin gwangwani, ganyen shayi, da wani gwangwani mai naɗewa na tare iska.

Na ce, "Sharhabilu, ba dai rugar Baffa za ka da wanga tarkace ba? Ka bar shi gida. Ka tahi da cikinka kawai, yadda Baba ya saba."

Ya gyara tabarau. "Yaya, zamanin Baba daban. Kin san cututtuka nawa ke cikin nonon da ba a dafa ba?"

"Shekara talatin shina sha, shekara saba'in da huɗu ya yi duniya."

Ya yi mini irin murmushin nan da ake wa wanda bai je makaranta ba, ya naɗe kayansa ya fita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi, ni ko na bi shi da ido ina jin kamar in jefe shi da murfin tukunya.

Abin da ya faru a rugar, daga bakin Goggo Taibatu na ji shi, don duk Talata in ta kawo nono kasuwa a gidana take sallar azahar. Shekarun baya ne kaɗan, lokacin ana ratsa dajin nan da ƙafa ba fargaba. Ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin rafi, ya ƙarasa a ƙasa, jaka a baya, kular magani a hannu. Maganin allurar cikin ƙanƙara yake, kuma ƙanƙarar kwana uku ce iyakarta. In ba a yi wa shanu a cikin kwanakin nan ba, sai dai a zubar.

Sun tarbe shi kamar ɗan da ya dawo daga Makka. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma ƙarƙashin marke. Baffa Jibo ya fara gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina mutanen Mafara, ina ƙarin haƙurinmu. Tun ba a kai rabi ba gogan naka ya duba agogo ya ce, "Lafiya lau duka. Shanun nawa ne?" Tsohon ya haɗiye, ya ce ai sai baƙo ya sha ruwa tukuna.

Goggo Taibatu ta dama fura da kindirmon da ta ware tun jiya don shi, ta zuba a ƙwaryar baƙi, ta sauko da ludayin Baba ta wanke ta ɗora a kan faifai. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa ta ce, "Ɗan Malam, ga ludayin babanka."

Ya leƙa ƙwaryar, ya ce, "An tafasa nonon?"

Ta ce ba ta gane ba. Wa ke tafasa nono?

Kun san abin da ɗan'uwana ya yi? Jakarsa ya zuge. A gaban dattawan ruga, a kan sabuwar tabarmarsu, ya kafa rishonsa, ya buga famfo, wuta ta tashi, mata suka ja da baya. Ya ture ludayin gefe, ya ɗauki ƙwaryar ya juye a 'yar tukunyarsa ya ɗora a wuta, yana yi musu bayanin tarin fuka. Malamin dabbobi, ɗan malamin dabbobi, bai san madara ake tafasawa ba! Nonon da ya riga ya yi tsami in ya ji wuta tsinkewa yake yi. Nan take ya rabu, ruwa gefe, gudaji gefe, ga furar ta kama gindin tukunya tana ƙauri. Ya ɗanɗana, ya yatsine fuska. Sai ya miƙe ya taka taku uku ya kife tukunyar a ƙasa.

Nono fa. A ƙasa. A rugar Fulani, inda ko ɗigo ya zuba bisa kuskure sai an yi jimami. Baffa Jibo ya daɗe yana kallon wurin da ƙasa ke shanye nonon, sannan ya ce, "Sannu da aiki, malam." Ba ɗan Malam ba, malam kawai. Ita kuma ta ɗauke ludayin ta koma bukka. Shi ko gogan bai ga komai ba, ya wanke tukunya ya dafa indominsa ya cinye, ko tayi bai yi wa kowa ba.

Da ya sake tambayar shanu, Baffa ya ce sun yi nisa da kiwo, sai gobe in Allah ya kai mu. Bafulatani ba zai ce maka a'a ba, wannan ko yaron goye a Mafara ya sani, ban da mai tabarau. Gobe ta yi, aka ce rafi ya hana su ƙetarowa, sai gobe. Ya zauna ƙarƙashin marke yana buɗe kula yana rufewa, ƙanƙara na zama ruwa. Ya taka zuwa ruga ta gaba, aka gaishe shi da kyau, aka ce shanu ba sa nan. Ta gaba ma haka, alhali ga kashinsu ɗanye yana takawa.

A rana ta biyun ne rishon ya yi masa tsiya. Fetur ɗin da ya cika kwalbar da shi na 'yan bumburutun bakin hanya ne, mai datti, ya toshe ɗan hancin da wuta ke fita. Ya kwance, ya zura allura, ya hura, ya ɗaure, abin ya yi tari ya mutu. Ya sake kwancewa, hancin ya suɓuce cikin yashi, ya wuni da rarrafe yana tankaɗe ƙasa da yatsu. Ga murhu na ci a kowace bukka, ga itace har ya yi yawa, amma girman kai rawanin tsiya, ya kasa cewa a sam masa garwashi. Ɗanyen indomi ya gurgura ya kora da ruwan gwangwanin kifi.

Rana ta uku da hantsi yunwa ta sauke masa karatun. Ya je bakin bukkar Goggo ya yi sallama, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ko da sauran fura. Ba su hana shi ba, ba a hana baƙo abinci a ruga. Ta dama ta zuba masa a robar da suke ba masu tallan gishiri, ta sa cokalin roba, ta ajiye daga bakin shinge. Ya shanye tas har da suɗe roba, ba wanda ya ji ya tambayi ko an tafasa. Da ya gama ya ce, "To, shanun fa?" Baffa Jibo ya ce, "Sai gobe, malam." Ƙanƙara kuwa ta riga ta narke. Ya goya jakarsa ya kamo hanya da kula cike da ruwan ɗumi da maganin da ya lalace, bai yi wa ko akuya allura ba.

Da ya dawo cewa ya yi mutanen daji ne, ba su waye ba, ba sa son rigakafi. Bai yi sati biyu da faɗin haka ba Baffa Jibo ya aika garin Bakura aka zo da wani malamin dabbobi, Hashimu, wanda ya zauna ya sha fura har ya nemi ƙari. A kwana biyu ya yi wa shanun ruga goma sha ɗaya allura. Daga nan ofis suka gane inda matsalar take, suka ajiye Sharhabilu a baranda yana duba takardun dabbobin da ake lodi. Har yau can yake. Ya sa an kawo masa sabon hanci daga Kano, yanzu har tace fetur yake yi da ƙyalle, kuma duk wanda ya tsaya sai ya ba shi labarin yadda rishon ke cin mai iri uku.

Talatar da ta biyo bayan zuwan Hashimu, Goggo Taibatu ta shigo gidana kamar kullum. Muka gaisa, ta yi salla, ta ba ni labarin nan tiryan-tiryan ba tare da ta ɗaga murya ba. Ni ce ma nake ta zagi ina ba ta haƙuri. Da za ta tafi sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle ta ajiye a cinyata. Tun ban buɗe ba na ji siffarsa a hannuna.

Na ce, "Haba Goggo! Yaro ne, a yi mai haƙuri. Ni da kaina zan kawo shi ya durƙusa."

Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta gyara gammo. "Ba faɗa munka yi ba, ɗiyar Malam. Baffanki ya ce a maido muku kayanku. Mun aje shi muna jiran magajin mai shi, ashe bai bar magaji ba."

Ludayin na nan cikin kwabata. Ban taɓa nuna wa Sharhabilu ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.